Taron Iyaye Da Malamai: Zuwa Da Kai Ya Fi Aike

Maganarmu ta wannan mako a kan wata 'yar takarda take, wadda yaro kan kawo wa ubansa daga makaranta, uba ya duba ta sama-sama, ya zaro kuɗi ya miƙa, ya ce a gai da Hedimasta. Ina nufin takardar gayyatar taron Ƙungiyar Iyaye da Malamai, wadda aka fi sani da PTA. Ni kaina na yi shekaru ina yin haka, har ranar da Allah Ya nuna mini kuskurena ta bakin 'yata.

Wata rana da safe na lura yarinyar nan ba ta shan koko, ba ta kuma shan ruwa kafin ta tafi makaranta. Da na matsa mata da tambaya sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, makewayin 'yan mata ya rushe tun damina, ba mu da inda za mu zaga." Ashe waɗansu ƙawayenta da suka fara girma sun daina zuwa ɗungum saboda wannan dalili. Ga ni ina wa'azi a masallaci a kan tsarki da kunya, ga 'yata tana wuni da ƙishirwa don tsare mutuncinta, ban sani ba. Da gayyata ta gaba ta zo sai na sa rigata na tafi da kaina.

Makarantar tana da ɗaruruwan yara, amma iyayen da muka hallara ba mu cika ajin da aka zaunar da mu ba. Aka yi addu'a, aka faɗi kuɗin da kowa zai biya, aka yi shirin tashi. Nan na yi kuskure na biyu. Na miƙe cikin fushi na tambayi Ma'aji, dattijo ne wanda ya girme ni, ina kuɗin bara suka shiga. Fuskarsa ta sauya, mutanensa suka taso, taro ya watse ba a yi fatiha ba. Na dawo gida ina ganin na faɗi gaskiya, alhali kuwa ban gyara kome ba, na dai tozarta dattijo a bainar jama'a.

Bayan kwana biyu na same shi a zaurensa na nemi gafara. Ya ce, "Allah gafarta Malam, da nan ka fara zuwa da ba a kai ga haka ba." Ya ɗauko wata jaka cike da guntayen takardu. Bawan Allah bai ci ko kwabo ba, har daga aljihunsa yake cikawa a sayi alli da tsintsiya. Illarsa ɗaya, ba ya rubutawa, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya taya shi. Ran nan na gane cewa ba koyaushe ne cin amana ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyi ba. Sau da yawa abin da ke kashe su shi ne an bar wa mutum biyu ko uku kayan da ya kamata unguwa guda ta ɗauka.

Kakanninmu ba haka suka yi da makaranta ba. A makarantar allo uba da kansa yake kai ɗansa hannun malam, yana aika kuɗin Laraba, yana halartar sauka, malam kuwa ya san ƙofar gidan kowane almajirinsa na cikin gari. Da gwamnati ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka cika makarantu, sai wani tunani ya shige mu, wai makaranta ta gwamnati ce, gyaranta da ɓacinta ba ruwan talaka. A 1999 aka ƙaddamar da sabon shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, dokarsa kuma ta fito a 2004. Dokar ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, ta kuma wajabta wa uba ko mai riƙo ya tabbatar yaron ya je ya kammala. To, ka ga ko dokar ƙasa ba ta sauke wa uba kayansa ba, balle shari'a, wadda ta sanya kowane magidanci makiyayi abin tambaya a kan waɗanda ke ƙarƙashinsa. Kula da makarantar unguwa ya yi kama da abin da malaman fiƙihu ke kira farilla ta kifaya: in waɗansu sun tsaya sun isar, an ɗauke wa saura, in kuwa kowa ya noƙe, laifi ya hau kan kowa.

Ga abin da muka yi, ko wani zai amfana. Da farko muka roƙi a sauya lokacin taro. Da ana yin sa ne da hantsi a ranar aiki, lokacin da ɗan kasuwa ke rumfa, ma'aikaci ke ofis. Aka mai da shi ranar Asabar bayan la'asar, aka kuma roƙi limamai su yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Da wannan kaɗai sai da aka fito da benci waje.

Na biyu, maganar kuɗi. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In har an umurci mutum biyu su rubuta abin da ke tsakaninsu, ina ga dukiyar jama'a? Wani Alhaji mai sayar da kayan gini ya ba da yaron shagonsa ya riƙa taya Ma'aji rubuta shiga da fita. Aka buga rasit, aka buɗe asusu a banki wanda ba a cire kome sai da sa hannun mutum biyu, aka kuma yarda a karanta lissafi da Hausa a farkon kowane taro. Dattijon nan da na kunyata shi ne ya fi kowa murna, domin rubutu ya wanke shi.

Na uku, muka ɗauki aiki guda ɗaya tak, watau makewayi, muka bar maganar katanga da rufi sai gaba. 'Yan kasuwa suka san inda ake samun siminti da rahusa, magina daga cikin iyaye suka ba da ƙarfinsu. Wani ma'aikacin gwamnati kuwa ya rubuta takarda zuwa ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, ya bi ta daga tebur zuwa tebur har aka aiko a duba. Kafin ƙarshen zango aka gama, 'yan matan da suka zauna a gida kuma suka fara dawowa.

Na huɗu, iyaye mata. Su ne suka san yaron da ya kwana da zazzaɓi da wanda ya fita bai karya ba, amma ba a jin ta bakinsu. Aka ware musu zama da malamai mata, suka zaɓi wakilai masu kawo maganarsu. Wanda yake ganin wannan baƙon abu ne, to, ya tuna Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa 'Yan Taru, inda jajis ke kai karatu ga matan ƙauyuka.

Na biyar, muka yi alkawari ba za a kori yaro daga aji don ubansa bai biya kuɗin ƙungiya ba. Kuɗin nan gudummawa ce ta yarda, ba haraji ba ne, kuma karatun a doka kyauta ne. Na maraya da na marar hali, masu hali suka ɗauke a asirce, ba tare da an kira sunan yaro a fili ba.

Sai dai ina jan kunnen wanda zai shiga da abu biyu. Ƙungiyar nan ba kotu ba ce da za a gurfanar da malamai. Ɗaukar malami da sauya masa wurin aiki na hukumar ilimi ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, to, je ka ƙidaya yaran ajin ɗanka kafin ka zargi malaminsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ka fara da tambayarsa abin da yake bukata. Kada kuma a shigo da siyasar jam'iyya ko saɓanin ƙungiyoyin addini, domin rufin aji in ya faɗo ba ya tambayar yaro masallacin da ubansa ke salla.

Ya kai ɗan kasuwa, ba ka barin rumfarka wata uku ba ka leƙa ba, ko da wanda ka bari amintacce ne. Ya kai ma'aikaci, ka san fayil ɗin da ba a bin sa ba ya motsi. To, in takardar nan ta sake zuwa, riƙe kuɗinka a hannu ka kai da ƙafarka, ka zauna, ka saurara, ka tambaya cikin ladabi, ka kuma karɓi wani aiki kome ƙanƙantarsa.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya saka wa malamansu da alheri, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.