Daga Yamai Zuwa Bokkos: Ina Sauran Maganar?

Ranar 5 ga Agusta 2023 Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan Shugaba Tinubu kan tura sojoji Jamhuriyar Nijar. Sanatocin Arewa, ta bakin Sanata Kawu Sumaila, sun tunatar da cewa jihohi bakwai, daga Kebbi har Borno, suna da iyaka da Nijar, kuma wutar da aka kunna a Yamai sai ta lashi Katsina. Mun yaba. Mu a Jos mun san kuɗin yaƙin waje. Janar Dogonyaro, ɗan Filato, ya jagoranci ECOMOG a Laberiya a 1990, gidaje da yawa kuwa ba su sake ganin 'ya'yansu ba.

To, amma tausayin da ya tsallaka iyaka, me ya hana shi gangarawa Mangu da Bokkos? Daren Kirsimetin shekarar 2023 aka kashe mutane fiye da 100 a Bokkos da Barikin Ladi, dubbai suka kwana a makarantu da majami'u. Manya suka yi ta tururuwa zuwa Gidan Gwamnati a Rayfield, aka yi ta'aziyya, aka ɗau hoto, aka raba buhunan shinkafa, kowa ya kama hanyar Abuja.

Shinkafa ba ta rufa ɗaki, ya ku sanatoci. Kasafin kuɗi a hannunku yake. Muna so mu ga layin da aka rubuta kuɗin kwano, irin shuka da tsaron gona, domin manomin dankalin Bokkos ya koma ƙauyensa kafin ruwan farko.