Yadda "ɗaure" ke komawa "aure" a wurin ɗab'i

A mahaɗar Anloga da ke Kumasi, kan hanyar da ta nufi jami'ar KNUST, akwai shaguna na buga takardu da ɗinke kundi. Ɗalibin da ya rubuta aikinsa da Hausa, ko ya kawo misalan Hausa cikin aikin Turanci, yakan isa irin wannan shago da fayil lafiya lau a kwamfutarsa, ya fito da takarda mai giɓi. Inda ya rubuta "an ɗaure shi" sai a ga "an aure shi". "Ƙara" ta koma "ara", "ɗan" ya koma "an". Abin tsoron shi ne kalmomin da suka rage Hausa ce ingantacciya, don haka idon mai dubawa yakan wuce su bai tsaya ba.

Maganin da aka fi yi shi ne a bi rubutun a mayar da kowace ƙ ta zama k, kowace ɗ ta zama d. Wannan ɓarna ce. Haruffa masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, kuma aikinsu raba "ƙafa" da "kafa", da "ƙare" da "kare". Duk wanda ya cire su don na'ura ta yi shiru ya gyara inda babu laifi, ya bar laifin yana nan.

Gano laifin yana bukatar sanin hanyar da rubutu ke bi. Mai amfani da LaTeX, tsarin da Leslie Lamport ya ɗora a kan TeX na Donald Knuth, ko da Pandoc wanda John MacFarlane ya fara a 2006, ba ya tsara shafi da hannunsa. Yana rubuta zallar magana ne tare da alamomin da ke cewa wannan kan babi ne, wannan misali ne, wannan bayanin ƙasan shafi ne. Sannan wani inji ya karanta alamomin ya fitar da PDF. Tsakanin fayil da takarda akwai mashiga uku: yadda aka adana haruffan, injin da ya karanta su, da salon haruffan da aka zaɓa ya zana su. A ɗaya daga cikinsu ƙugiyar ke maƙalewa.

Mashiga ta farko ba ta da wuya: a adana fayil da tsarin UTF-8. Ta biyu tana da hayaniya, kuma hayaniyarta alheri ce. Tsohon injin pdfLaTeX, wanda Pandoc ke kira idan ba a umurce shi da wani ba, yana cin karo da ƙ sai ya tsaya, ya ce bai san harafi mai lamba U+0199 ba. Ɗalibi yakan firgita da wannan saƙo, alhali injin ya faɗi gaskiya, har ya ba da lambar harafin. Sai a koma XeLaTeX ko LuaLaTeX, waɗanda aka gina su don Unicode.

Mashiga ta uku ita ce mai cin amana. Sabon injin ya karɓi harafin, amma idan salon haruffan ba shi da zanen ƙ, aikin ba zai tsaya ba. PDF zai fito tsaf, wurin harafin ya zama fili ko ɗan akwati, ƙorafin kuma ya kwanta can cikin fayil ɗin rahoto da injin ke ajiyewa a gefe, a layin da ya fara da "Missing character". Wannan fayil shi ne abin da ɗalibai suka fi ƙi buɗewa, don yana da tsawo da muni. Amma neman waɗannan kalmomi biyu a cikinsa ba ya cin minti ɗaya. Wanda yake da sabon TeX yana iya sa umurnin \tracinglostchars=3 a farkon aikinsa, domin ɓacewar harafi ta zama kuskuren da zai tsayar da injin. Salon Charis SIL da Doulos SIL da Gentium duka suna da haruffan Hausa, kuma kyauta ake samun su.

Akwai kuma wata matsala da ta fi dacewa da Anloga fiye da Kano. Unguwar ta samo sunanta daga garin Anloga na ƙasar Ewe a yankin Volta, kuma Ewe da Hausa da Twi duk ana jin su a wannan ɓangare na Kumasi. Harshen Ewe yana da harafin ɖ mai jela a ƙasa, Hausa tana da ɗ mai ƙugiya a sama. A jadawalin Unicode maƙwabta ne: na Ewe U+0256, na Hausa U+0257, manyansu ma haka, Ɖ a U+0189, Ɗ a U+018A. Mai buga rubutu da ya saba da Ewe zai iya ɗaukar na farko a madadin na biyu da kyakkyawar niyya, kuma babu injin da zai yi ƙorafi, tun da harafin halal ne. Sai an nemi "ɗaya" a cikin kundin an rasa, sannan asiri ya tonu. A nan rahoton inji ba ya taimako. Sai dai a binciki fayil ɗin da harafin Ewe ɗin kansa.

Ga kuma 'y. Nijar tana rubuta ƴ, Najeriya tana rubuta waƙafin sama da y, kuma manhajojin da ke gyara alamun zance da kansu sukan ɗauki wannan waƙafi a farkon "'ya'ya" a matsayin buɗe zance su juya shi. Ɗalibi ya zaɓi tsari ɗaya ya tsaya a kai.

Hanyar bincike mafi sauri ita ce rage aikin. Maimakon a yi ta sarrafa kundi mai shafi ɗari biyu ana fatan sa'a, a buɗe sabon fayil mai layi ɗaya da ke ɗauke da ɓ ɗ ƙ ƴ da Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ, a maimaita layin da rubutu mai kauri da kuma na karkace, domin wani salon yana da harafin a siga ɗaya ya rasa shi a wata. Mai nazarin sauti ya ƙara wasali mai alamar karin sauti, da r̃ irin wadda Paul Newman ya yi amfani da ita a ƙamusunsa na 2007. Idan layin ya fito daidai, laifin yana cikin kundin, sau da yawa a jerin manazarta, inda tsohon BibTeX ke tuntuɓe da haruffan da Biber ke sarrafawa ba wahala. Idan bai fito ba, an san mashigar da za a duba.

Abin da za a kai shago kuwa PDF ne wanda salon haruffansa ke cikinsa, ba fayil ɗin da kwamfutar shagon za ta sake tsarawa da nata salon ba. Kafin a biya kuɗin ɗinki, a buga shafi ɗaya mai yawan ƙugiya a karanta shi a tsaye.