Sankarar mama a Zangon Accra: a san irin ciwon kafin a nemi magani

Daga Nima, Maamobi ko Kokomlemle zuwa asibitin koyarwa na Korle Bu ba wata tafiya ba ce. Duk da haka, likitocin Ghana sun daɗe suna kukan cewa yawancin mata masu sankarar mama suna isowa ne bayan ciwon ya ci jiki. Wannan jinkiri yana hana su cin moriyar binciken da aka kwashe shekaru ana yi, wani ma da naman da aka ciro daga jikin matan Ghana.

A 2003, Muhammad Al-Hajj da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna cewa ƙwayoyin da ke cikin ƙarin mama ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai 'yan kaɗan da ke zama iri, su ne ke iya haifar da sabon ƙari. Masana da yawa na ganin irin waɗannan ƙwayoyi na cikin dalilan da ke sa ciwo ya dawo bayan magani, kamar ciyawar da aka sare aka bar saiwarta.

Daga baya Dokta Lisa Newman ta Michigan ta yi aiki da asibitin Komfo Anokye na Kumasi. Sun gano cewa wani nau'i mai wuyar magani ya fi yawa a matan Ghana fiye da fararen matan Amurka, kuma alamar ƙwayoyin iri da ake kira ALDH1 ta fi bayyana a ƙarinsu. Wani babban bincike da aka yi a Accra da Kumasi daga 2013 zuwa 2015 ya ƙara haske: kusan rabin matan da aka gwada suna da nau'in da sinadarin mace na istirojin ke ciyarwa, wanda ƙwayar tamoxifen ke yi wa aiki.

Ma'anar wannan ita ce sankarar mama suna ne ɗaya na cututtuka da dama. Ana yankar ɗan nama daga ƙullutun, a duba alamomi uku: ER, PR da HER2. Sakamakon ne ke nuna wadda tamoxifen zai amfana, da mai bukatar allurar trastuzumab, da wadda duka biyun ba za su yi mata komai ba. Jita-jitar cewa taɓa ƙari da ƙarfe na watsa shi ba ta da tushe, kuma tana cinye watannin da ba sa dawowa.

Inshorar lafiya ta NHIS ta sa sankarar mama cikin abin da take ɗauka, amma iyalai kan biya wasu gwaje-gwaje daga aljihunsu. Asusun MahamaCares da aka ƙaddamar a 2025 ya ambaci ciwon daji, kuma za a auna amfaninsa ne da ko ya kai ga kuɗin gwaji.

Akwai aikin da ya rage wa Zango. Limamai, sarakunan Zango da magajiyoyi su nemi asibitoci su riƙa bayani da Hausa. Duk wadda aka yi wa gwaji, a Accra take ko Yamai ko Lome, ta karɓi takardar sakamako, ta tambayi likita abin da alamomin nan uku suka nuna.