Randa Da Kofofinta, Injin Da Nasa

Duk wanda ya sha ruwan randa a Maikunkele ya san sirrin sanyinsa: jikin yumɓun cike yake da ƙananan kofofi, ruwa na tsattsafowa, iska na busar da shi. To, jama'a, abin da yake alheri ga randa masifa ne ga masu ƙera kayan injuna, domin daga kofa tsagewa ke farawa.

Akwai wani irin tangaran da ake kira silikon kabayid, wanda taurinsa ya kusa na lu'ulu'u. Edward Acheson na Amurka ya samo shi a 1891, ya gasa yumɓu da gawayin kwal da wutar lantarki. Wahalarsa ita ce garinsa ba ya yarda ya haɗe. Sai a 1973 Svante Prochazka na kamfanin General Electric ya nuna cewa in an zuba masa ɗan boron da kabon, aka kai zafi wajen digiri 2,000, ƙwayoyin za su manne ba tare da sun narke ba, kofofin su toshe.

A 1975 kuma Farfesa Yajima na Jami'ar Tohoku a Japan ya biyo ta wata hanya. Ya fara da folima, watau wani abu mai kama da ƙaro, wanda ake sarrafawa yadda aka so kafin a gasa shi inda babu iska. Amma iskar gas na fita daga jikinsa, ya tsuke, ya bar kofofi. Dole a sake shayar da shi folimar a gasa sau da dama, ko a mayar da shi babbar wuta tare da matsi.

Lalle mai karatu ya lura cewa duk maganar wuta ce. Shi ya sa Acheson ya kai masana'antarsa bakin ruwan Niagara a 1895. Mu kuwa a Jihar Neja muna da madatsar Kainji tun 1968, da Shiroro tun 1990, ga ta Zungeru mai megawat 700. Ga kuma ɓuntun shinkafa da muke ƙonawa a banza, alhali tun shekarun 1970 masana suka fitar da silikon kabayid daga cikinsa.

Ina ganin ya kamata Gwamnatin Jiha ta sama wa Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tanderun da zai kai wannan zafi, da layin wuta wanda ba ya ɗaukewa ana tsakiyar gashi.