Dashen ƙoda: Nasarar da ake samu kan birai ba ta zama magani ba tukuna

Wahalar wanda aka yi wa dashen ƙoda ba ta ƙarewa ranar da aka sallame shi. Garkuwar jikinsa na ɗaukar sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa, ta far mata. Dole ya riƙa shan magunguna irin su tacrolimus iya rayuwarsa, ga tsada, ga shi su kansu suna cin ƙodar a hankali. Iyalan da suka yi jinya a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda aka fara dashen a 2002, sun san wannan nauyi.

Shi ya sa masu bincike a Amurka suka daɗe suna gwada wata hanya kan dabbobi: allurar antibodi, wato sinadarin garkuwa da aka haɗa a ɗakin gwaji. Maimakon danne garkuwar baki ɗaya, yana toshe saƙon da ƙwayoyinta ke aika wa juna ta mahaɗan CD40 da CD154. In saƙo bai isa ba, babu gangamin kai hari.

Sakamakon ya ƙayatar. A 2016 tawagar Dakta Muhammad Mohiuddin ta sanar cewa zuciyar alade ta yi kwana 945 tana bugawa a cikin gwaggon biri, kodayake ba a cire masa tasa ba. A 2023 mujallar Nature ta wallafa binciken da wani biri ya yi kwana 758 da ƙodar aladen da aka sauya wa ƙwayoyin halitta.

Sai dai an taɓa irin wannan murna. A ƙarshen shekarun 1990 wani antibodin CD154 ya kare ƙodar birai, amma da aka zo kan mutane sai jini ya riƙa daskarewa a jijiyoyinsu, aka dakatar da gwajin. Shekaru aka ɗauka kafin a gyara shi. David Bennett, wanda aka dasa wa zuciyar alade a Maryland a Janairun 2022 tare da ba shi antibodin CD40, wata biyu ya yi ya rasu.

Don haka kuskure ne babba majinyaci ya ga irin wannan labari a WhatsApp ya sassauta shan maganinsa. Sabon samfurin, tegoprubart, matakin gwaji kan mutane ya kai, inda aka kwatanta shi da tacrolimus. Ko da ya samu amincewa, ta jijiya ake ba da shi a asibiti lokaci-lokaci, abin da zai zama wani ɗawainiyar ga mai ciwon ƙoda a Gashuwa da kuɗin wankin ƙoda ma ke gagararsa.