Baba, Ka Rubuta Wasiyya?

A majami'unmu na Arewa, daga Wusasa har Kagoro, tsoho in ya ji jiki ya fara sanyi sai ya aika a kira fasto ko fada. Ɗan Katolika ya furta zunubansa, a shafa masa mai, ya karɓi Jibin Ubangiji. Shafa man nan kuwa yana da madogara a wasiƙar Yaƙub, sura ta 5. Madalla. Ni dai abin da ke damuna gonar da Baba bai nuna iyakarta ba, da bashin da ya ɓoye. Ya shirya da Ubangijinsa, ya bar 'ya'ya a kotu, dangi kuma sun kwashe wa matarsa kayan ɗaki. Fastoci su riƙa tayar da maganar wasiyya tun mutum na iya riƙe alƙalami, ko da za a ce fatan mutuwa suke masa.