Mota Ba Ta Da Laifi, Mu Ne Ba Mu Iya Giyarta Ba

Maganarmu ta wannan makon a kan ɗan guntun sandan nan ne da ke gefen giya a cikin Hilux da Land Cruiser, wanda direbobi ke kira ogzilari. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kwaya da damina zai ga waɗannan motoci suna shigowa Katsina da laka har gilashi. Da yawansu gareji suke nufa, kuma zancen kullum ɗaya ne: wai motocin yanzu ba ƙarfe, ko bakanike ya cuce mu. Mu kam ba mu yarda ba. Mafi yawan ɓarnar daga hannunmu take fitowa.

A kan sandan an rubuta 2H da 4H da 4L. Na farko na kwalta ne, tayun baya kaɗai ke ja. Na biyu na hanyar burji ne da santsi, tayu huɗu na aiki. Shi kuwa 4L yana rage gudun mota kusan ninki biyu da rabi, ya mayar da shi ƙarfin ja. An yi shi ne domin mota ta tafi a hankali kamar mai rarrafe. Amma mu sai mu ɗauke shi maganin gaggawa.

Ga yadda muke yi. Sai mota ta nutse a yashin rafi muke tunawa da shi, mu finciko sandan tayu na juyawa, giya na ƙara. Alhali ƙa'ida ita ce a tsaya cak tun kafin a shiga wurin, a taka kulochi, sannan a saka. In tsohuwar mota ce mai makulli a tsakiyar tayun gaba, sai an sauka an murɗa shi, in ba haka ba tayun gaba kallo kawai suke yi. A yashi a rage wa tayu iska, a zaɓi giya ta biyu ko ta uku, a riƙe totur daidai har a fita. Wanda ya ɗora ƙafa rabi a kan kulochi yana gurnani, warin da yake ji kuɗin maigidansa ne ke ƙonewa. In ta kafe, ƙara totur ƙara haƙa rami ne. A koma da ribas ta sawun da aka shigo. A gangara mai tsanani a bar ta a giya ta ɗaya injin ya riƙe ta, kada a taka kulochi.

Mafi muni shi ne masu hawa kwalta da ogzilari a ciki. A irin waɗannan motoci tayun gaba da na baya a ɗaure suke da juna, ga shi a kwana dole na gaba su fi yin tafiya. Yashi yana bari taya ta ɗan zame, kwalta ba ta bari. Sai sitiyari ya yi nauyi, tayu su cinye, farfela da akwatin giya su ɗauki wahalar.

Wani zai ce ai direbobinmu sun shekara talatin a hanya ba su karanta komai ba. Gaskiya ne, kuma tsofaffin cikinsu sun san duk wannan. To wa ya zauna ya koya daga gare su? Maigida yana gwada sabon direba daga Ƙofar Kwaya zuwa Ƙofar Ƙaura, ya miƙa masa makulli, gobe ya tura shi ƙauyukan Kaita ko Batsari a tsakiyar watan Agusta.

Motar nan wata rana mai naƙuda za ta ɗauko zuwa asibitin Turai 'Yar'adua. Awa ɗaya a cikin rafi ba wasa ba ce gare ta. Saboda haka kafin a ba direba irin wannan mota, a kai shi yashi, a ce ya saka 4L a gaban ido. In ya kasa, a koya masa tukuna.

Allah Ya kiyaye hanya.